Girgizar Ƙasa: Daga Bakin Kwaltar Maijirgi Zuwa Tekun Akra

[Kiɗan buɗe shiri, sannan ya yi ƙasa]

Gaisuwa daga nan Maijirgi har Tasawa, da Urafan, da Korgom, da Hawandawaki, mu haura Mayahi da Kanambakashe da Sarkin Hausa. Ƴan'uwanmu da ke ci-rani kuma, waɗanda ake tura wa shirin nan ta salula, Allah ya maido ku gida lafiya. Ku kasa kunne da kyau, yau akwai rabonku a ciki.

Kwanakin baya ina zaune wurin mai shayi a bakin kwalta, bayan la'asar, sai ga wata babbar mota shaƙe da siminti ta nufi Damagaram. Tun kafin ta iso, kofunan gilas da ke jere kan tebur suka fara kaɗawa suna ƙara, shayin da ke hannuna ya yi ƴan zobba, benci ma na ji yana rawa a ƙarƙashina. Wani yaro ɗan lakwal da aka aiko sayen burodi ya dube ni ya ce, "Baba, irin wannan ce girgizar ƙasar da aka yi a Maroko?" Kafin in buɗe baki wani dattijo da ke gefe ya riga ni. Ya ce, "Kai yaro, wannan ai mota ce. Girgizar ƙasa ta mutanen bakin teku ce. Mu nan Allah ya raba mu da ita."

Na kwana ina juya maganar dattijon nan. Yana da gaskiya babba, kuma da gaskiyarsa zan fara. Sai dai maganar tana da ragowa, ragowar ce ta kawo ni gabanku yau.

Mu mutane ne masu raɗa wa shekara suna. Abin da ya taɓa mu ba ya wucewa ba mu sa masa suna ba. Tsofaffi sun bar mana Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Manyan cikinmu sun ga El Buhari, yunwar 1984 da 1985, da idonsu. Mutanen Maraɗi ba su manta da ruwan 1945 ba, wanda ya cinye tsohon gari a cikin gulbi har aka hau tudu aka sake gini. Mu nan Maijirgi kuwa, a watan Yuli na 1899 ne sojojin Voulet da Chanoine, Turawan Faransan nan da suka taho tun daga yamma suna ƙone garuruwa, suka juya musu baki suka harbe su, kaburburansu kuma suna nan ƙasarmu. An fi shekara ɗari da ashirin, labarin bai ɓace ba. To a duk wannan dogon lissafi, da fari, da fara, da sanƙarau, da yaƙi, kakanni ba su bar mana wata shekara mai suna shekarar girgizar ƙasa ba. Abin da aka rubuta ma haka ya nuna, babu girgizar da ta rushe gari a jihar Maraɗi. Wannan ni'ima ce, kuma ta cancanci godiya.

Me ya sa haka? Ku ɗauko ƙwaryar da ta fashe aka kai wa gyartai ya ɗinke. Kun ga ɓangarori manya da ƙanana, kowane yana riƙe da ɗan'uwansa a bakin ɗinki. Ɓawon duniyar nan haka yake. Ba dunƙule ɗaya ba ne, ɓangarori ne na dutse, manya guda bakwai da ƙanana da dama, kaurinsu ya kai kilomita ɗari ko fiye, suna kwance kan wani dutse mai zafi da ke lanƙwasa a hankali kamar ƙarfe a maƙera. Kuma tafiya suke yi. Tekun Atlantika da ke tsakaninmu da ƙasashen Amurka tana ƙara faɗi da santimita biyu zuwa huɗu a shekara, kwatankwacin tsiron farcen hannu. Ta arewa kuma Afirka tana matse Turai da ƴan milimita kaɗan a shekara. A bakin ɗinkin nan ake gogayya, a can galibin girgizar ƙasa take aukuwa: Japan, Indunusiya, Turkiyya, Iran, arewacin Maroko da Aljeriya, da gabashin Afirka inda ƙasa ke tsagewa daga Habasha zuwa Tanzaniya. Mu kuwa Allah ya zaunar da mu a tsakiyar babban ɓangare, nesa da ɗinki ta kowace kusurwa.

Yadda abin yake faruwa, yara ma za su iya gwadawa a tsakar gida. Ku ɗaura robar tsohon tib a jikin turmi, ku ja a hankali. Robar za ta yi ta miƙewa, turmi na nan kafe, ba ya ko motsi. Ku ci gaba da ja. Can sai ya zabura gaba ɗaya ya biyo ku. Haka duwatsu biyu da ke manne a bakin tsaga suke. Ƙarfi yana ta taruwa, shekara ɗari, shekara dubu, ba wanda ya ji komai. Ranar da riƙon ya kasa, sai su goce cikin daƙiƙa kaɗan, motsin ya bazu ta cikin ƙasa kamar yadda ruwan tabki ke yin zobba in an jefa tsakuwa. Shirun turmi ba ya nufin ba a jan sa. Ku riƙe mini wannan, za mu komo kansa.

Na san wani zai ce, ai girgizar ƙasa aya ce daga ayoyin Allah, me ya kawo turmi da roba? Haka ne, aya ce. Sura guda ke ɗauke da sunanta a Alƙur'ani, Suratul Zalzala, kuma tana cikin surorin farko da yaro ke rubutawa a allo. Ruwan sama ma aya ne, amma ba wanda ya ce manomi ya yi saɓo don ya san hadarin gabas ya fi kawo ruwa, ko don ya gyara indararo kafin damina. Sanin sababi ba ya rage wa Mai sababi komai. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ce mana duniya a kan ƙahon wani ƙaton sa take, in ya gaji ya mayar da ita ɗaya ƙahon sai ƙasa ta kaɗa. Labari ne da ya zaga ƙasashen Musulmi da yawa ta hanyar littattafan ƙissoshi. Ba ta taɓa jin ƙasa ta motsa ba a rayuwarta, amma ta san abin da ke ƙarƙashin ƙafarta ba a kafe yake ba. A wannan kam ta fi da yawa daga cikinmu.

Yanzu mu leƙa ƙarƙashin namu ƙafafun. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya ana gina ta a ƙasar Mayahi ya ga yadda guga ke fito da ƙasa kala-kala. Farko rairayi, sai jar ƙasa, sai laka mai danƙo, sai marmara da ke sa diga tartsatsi, sai tsakuwa mai santsi irin ta gulbi. Ana yin gaba talatin, gaba arba'in, mai gina yana can ƙasa muryarsa na fitowa kamar daga cikin tulu, kafin a ga danshi. Duk wannan shimfiɗa ce da ruwa da iska suka tara shekaru miliyoyi a cikin wani ƙaton kwano da ya kama daga Mali, ya ratsa Nijar, ya shiga Sakkwato. Masana sun raɗa masa sunan Buzayen Iwillimmidan. Mu a gefensa na kudu maso gabas muke. Ƙarƙashin shimfiɗar akwai gindin dutse, kuma ba sai an yi tono ba kafin a gan shi: ya leƙo a kudancin Madarumfa wajen Ɗan Isa, ya fito fili a Damagaram, inda manyan duwatsun nan suke zube cikin gari, waɗanda suka sa ruwan sha ya daɗe yana yi wa Damagarawa wuya.

Shi wannan gindin dutse tsohon gyara ne. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce wasu ɓangarori suka yi karo a nan, suka narke suka haɗe, aka sami dutsen da ya miƙe daga Abzin, ya bi ta Damagaram, ya shiga arewacin Najeriya. Daga baya, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, ƙasar ta so ta tsage ta ciki. Tsagar ta fara daga bakin teku, ta bi kwarin Binuwai, reshenta ya kai gabashin Nijar wajen Termit, sai ta tsaya ba ta ƙarasa ba. Man Agadem da ake tacewa a matatar Damagaram tun 2011, a cikin wannan tsohuwar tsaga ya taru. Ashe ƙwaryarmu, ko da muna tsakiyar ɓangare, tana da tsofaffin tabo. Tabo kuwa, kowa ya sani, yakan yi ƙaiƙayi ran da ba a zata ba.

Bari in kai ku inda ya yi ƙaiƙayin.

Akra, babban birnin Gana, wanda tsofaffin fataken goro ke kira Ankara. Hausawa sun daɗe a can, Sabon Zango da Nima ba baƙin suna ba ne a kunnen mutanen ƙasar nan. Gana ba ta bakin ɗinki, a ɓangare ɗaya muke da ita, amma tarihin girgizarta dogo ne. A 1636 ƙasa ta motsa wajen Aksim, ramin zinariya ya rufta da masu haƙa. A ranar 10 ga Yuli 1862 ta kaɗa Akra, ta lalata gidajen dutsen da Turawa suka gina a bakin teku. Ta sake a 1906. Sai babbar, ranar 22 ga Yuni 1939, wajen ƙarfe bakwai da minti ashirin na yamma. Ƙarfinta ya kai kimanin 6.5 a ma'auni, tushenta yana cikin teku kudu da birnin, kuma an ji ta har Legas da Ibadan da Ile-Ife. Gidaje masu yawa sun zube, wasu suka tsattsage har ba su zaunuwa. Aƙalla mutum 17 suka rasu, 133 suka ji rauni. Bayanta ne gwamnatin lokacin ta gina wa waɗanda suka rasa muhalli sababbin unguwanni. Har yau Akra takan ji ɗan motsi jifa-jifa, an ji a 1997, an ji a ƙarshen 2018, an ji a 2020.

Ku lura da lokacin: bayan magariba, mutane da yawa suna waje, ana girki, ana hira, yara na wasa. Yanzu ku kwatanta da Gini.

Ranar 22 ga Disamba 1983, zamanin Shugaba Seku Ture, a arewa maso yammacin Gini, wajen Gawal da Kumbiya. Ƙasar Fulani ce, ƙasar noma da kiwo, ƙauyuka irin namu, gine-ginen ƙasa irin namu. Ba wanda ke lissafa yankin cikin wuraren girgiza. Wajen ƙarfe huɗu na asuba, cikin sanyin hunturu, kowa yana ɗaka ya ja bargo, ƙasa ta goce. Ƙarfinta 6.4 ko kusa da haka, wato tsarar ta Akra. Ƙasa ta tsage a fili, tsagar ta yi tsawon kilomita tara. Sama da mutum 270 suka rasu, fiye da dubu suka ji rauni, kimanin 18,000 suka wayi gari ba ɗakin kwana. In da an tambayi wani dattijon Kumbiya ranar 21 ga wata, da amsar da zai bayar ita ce wadda dattijonmu ya ba yaron nan a wurin mai shayi. Kuma da ya faɗa da gaskiyarsa, don shi ma kakanninsa ba su bar masa sunan irin wannan shekara ba.

Nan ne abin ya fi tsaya mini. Tunanin ɗan Adam, in ya yi nisa, kaka da kakan kaka ne, shekara ɗari biyu ko uku. Na'urorin auna girgiza kuwa ba su fi shekara ɗari da ƴan kai da fara aiki ba, a yammacin Afirka ma sun yi ƙaranci ƙwarai. Ita kuwa tsaga a tsakiyar ɓangare tana iya yin shekara dubbai tana tara ƙarfi. Turmin nan ke nan. Mutanen Latur a Indiya sun ga haka ranar 30 ga Satumba 1993. Taswirar gwamnatinsu ta sa yankin a sahun da ya fi ko'ina aminci. Ita ma wajen huɗu na asuba ta zo, ƙarfinta 6.2, ta kashe tsakanin mutum 8,000 da 10,000. Gidajensu bangon duwatsu ne da aka jera da laka, rufin kuma katako ne da aka labta wa ƙasa mai kauri don maganin zafi. Duk wanda ya taɓa kwana a shigifa ya san irin rufin da nake nufi.

Maƙwabtanmu na Najeriya ba su ga mai kisa irin wannan ba, amma sun ji ƙanana. Ijebu-Ode ta ji a ƙarshen Yuli da farkon Agusta na 1984. Kwoi, a ƙaramar hukumar Jaba ta jihar Kaduna, ta ji ranakun 11 da 12 ga Satumba 2016, daidai jajibirin Babbar Salla da ranar Salla, bangaye suka tsage, mutane suka fice daga gidaje. Unguwar Mpape a Abuja ta kwana uku tana rawa a farkon Satumba 2018, har hukuma ta dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a yankin. Kwoi da Abuja kan gindin dutsen nan suke, wanda na ce muku ya taho daga Abzin ta Damagaram. Ƴan Najeriya suna da cibiyar da ke sa ido kan motsin ƙasa a garin Toro na jihar Bauci.

Mu ma muna da namu kunnen, kuma ina jin daɗin faɗar wannan. A Torodi, kimanin kilomita 60 daga Yamai kan hanyar Burkina Faso, an kafa tashar sauraren ƙasa, na'urori sama da goma da aka binne a jere. Tana cikin tashoshin hukumar duniya mai sa ido kan gwajin makaman nukiliya, wadda ke da mazauni a birnin Biyana, kuma ana lissafa ta cikin mafi kaifin ji a duniya. Dalili kuwa, dutsen yankin Liptako ya kai shekara miliyan 2,000, tsoho ne, mai tauri, mai shiru, ga shi nesa da hayaniyar teku. Girgiza irin ta Turkiyya, motsinta na farko kan ratso cikin duniya ya iso Torodi cikin ƙasa da minti goma. Ƙafar mutum ba ta ji, na'ura tana rubutawa. Da wannan yaron mai sayen burodi zai dage da karatu, ga aiki nan yana jiran irinsa a cikin ƙasarsa.

Kun ji ina ta cewa 6.2, 6.5. Kada ku ɗauki lissafin nan kamar na tiya, a ce bakwai ta ɗara shida da ɗaya kawai. Kowane hawa ɗaya, ƙarfin yana ninkuwa sau talatin da biyu ne. Mai lamba 3 sai wanda ke zaune shiru zai ji ta, kamar wucewar motar nan. Mai lamba 5 tana zubar da kwanonin jere, ta tsaga bango. Daga 6 zuwa sama ake kuka. Amma lamba kaɗai ba ta faɗin yawan gawa. A Botsuwana, ranar 3 ga Afrilu 2017, an yi mai 6.5 a tsakiyar daji, ba a rasa rai ba. A Agadir ta Maroko, daren 29 ga Fabrairu 1960, cikin azumi, mai 5.8 ce kacal, amma a ƙarƙashin birnin ta tashi, ta kashe mutum 12,000 ko fiye, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen garin.

[Ɗan gajeren kiɗa]

To ƴan ci-rani, ga rabonku. Ku da ke Aljeriya da Libiya da Maroko, musamman waɗanda suka gangara garuruwan bakin teku, ku sani kun bar tsakiyar ƙwarya kun koma bakin ɗinki. El Asnam, wadda yau ake kira Shalif, ta rushe ranar 10 ga Oktoba 1980. Bumardas, gabas da Aljas, ta rasa sama da mutum 2,200 ranar 21 ga Mayu 2003. Garin Marj a Libiya ya zube a 1963. Ta Maroko da yaron nan ya ambata, daren 8 ga Satumba 2023 ce, a duwatsun kudu da Marakesh, ta ɗauke kusan mutum 3,000, galibinsu a ƙauyuka masu ginin ƙasa. Da yawanku a kangon bene kuke kwana, inda kuke aikin gini. In kun ji ƙasa na rawa kuna sama, kada ku yi rububin matakala, kada ku yi tsalle ta taga. Ku durƙusa, ku kare kai da wuya, ku shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi in akwai, ku riƙe ƙafarsa har motsin ya tsaya. Ba ya daɗewa, galibi bai kai minti ɗaya ba. In ya lafa ku sauka a natse, ku nemi fili nesa da bango da wayar lantarki. Kada ku koma ɗauko kaya, domin babbar girgiza tana da ƴaƴa masu biyo ta, su ke ƙarasa ginin da ya raunana. Wanda ke ɗakin ƙasa kuwa, ƙofa na kusa da shi, ya ɗauki yaro ya fita tsakar gida, ya nisanci katanga. A masallaci ko lakwal, babba ya ɗaga murya ya tsara fita. A girgizar Alƙahira ta 1992, yara ƴan makaranta da dama a turmutsutsu suka rasu, ginin bai faɗo musu ba.

Sai maganar ji-ta-ji-ta. Har yau babu masani, babu na'ura, babu hukumar da ke iya cewa ranar kaza, ƙarfe kaza, ƙasa za ta girgiza a gari kaza. Ana iya sanin wurin da ke da haɗari, ranar kuwa Allah kaɗai ya sani. A watan Janairu 2010, kwanaki kaɗan bayan girgizar Haiti, wani saƙo ya zaga salular mutanen Gana cewa za a yi girgiza cikin dare. Jama'a suka fito da tabarmi da jarirai suka kwana a fili, gari ya waye ba abin da ya faru. In irin wannan saƙo ya shigo muku ta WhatsApp, ko da an jingina shi ga wata babbar hukuma, ku bar shi ya mutu a hannunku.

Yanzu mu dawo gida, don akwai abin da ya fi damuna fiye da duk abin da na lissafa.

Shekarun baya, a unguwarmu, akwai wata shigifa da ke da tsaga daga kusurwar ƙofa ta haura har rufi. Kullum muna wucewa muna ganinta, ƙadangaru na shiga suna fita. Maigidan mutumin kirki ne, ba ragon mutum ba, kowace bazara sai ya hau ya ƙara yaɓe a rufi don kada ya yi yoyo. Bai taɓa kankare tsohon ba, sabo yake ɗorawa a kai. Shekara goma ana ɗori, azarar kuwa gara ta cinye cikinta, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ganga. Ruwan indararo kuma a gindin bangon yake zuba. Wani dare cikin Agusta, bayan ruwan kwana biyu, muka ji wani gumm, ƙasa ta amsa har ɗakina. Muka fita da fitilu muna tono da hannu da fartanya. Allah ya sa yaran suna ɗakin uwarsu. Maigidan muka ciro da karaya a cinya, bai sake noma da ƙafarsa ba. Ni da na ga tsagar nan shekara biyu ban ce masa komai ba, har yau abin yana cina.

Wannan ɗaki bai jira girgizar ƙasa ba. A daminar 2024 ruwa ya kashe kusan mutum 400 a Nijar, ya shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, jiharmu ta Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma da yawan mamatan gini ne ya faɗo musu. Tsohon masallacin Birni a Damagaram, da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, a farkon Satumbar 2024 ya zube. Raunin da ya kashe mutanen Latur da Kumbiya da ƙauyukan Maroko, shi ne dai yake kashe namu da damina: bango marar tushe, kusurwoyin da ba a sarƙe su da juna ba, rufi mai nauyin da ya fi ƙarfin abin da ke ɗauke da shi. Shi ya sa ba na ce wa kowa ya kashe kuɗinsa don tsoron abin da wataƙila jikokinsa ma ba za su gani ba. Gyaran ɗaya ne, kuma ribarsa bana za a ci.

Ginin ƙasa ba abin raini ba ne, ya fi siminti sanyi, kuma na gwani yana shekara ɗari. A haƙa masa tushe har a tarar da ƙasa mai tauri, a ɗaga gindin da dutse ko siminti yadda ruwa ba zai jiƙa shi ba. A sarƙe tubali a kusurwa kamar yatsun hannu biyu. Kada ƙofa ko taga ta matso kusurwa. Kafin sabon yaɓe a kankare tsoho, a ƙwanƙwasa kowace azara a ji muryarta. Indararo ya yi tsawo, ruwansa ya sami hanyar fita. Masu ginin siminti kuma, ɗamarar ƙarfe da kankare da ake zagaya bango da ita a saman ƙofofi, wadda maginanmu ke kira shenaj, a Najeriya a ce linta, ita ce ke riƙe ɗaki ya zama abu guda. Ita ake fara tsallakewa in kuɗi sun gaza, alhali gara a fasa fenti da tayil. Buhun siminti kuma yana da iyakar bulon da zai fitar. Wanda ya matsa wa magini ya ninka, bulon da ake murƙushewa da hannu zai samu, a ƙarƙashinsa kuma ƴaƴansa za su kwana.

Lokaci ya kusa cim mana, amma ina da roƙo. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da ya taɓa jin ƙasa ta motsa, ba mota ba, ba aradu ba, ko a nan ko a wurin fatauci, ku zauna da shi yau da dare. Ku tambaye shi wace shekara ce, zamanin wane sarki, da rana ko da dare, me ya gani ya kaɗa, ruwan randa ko ƙoren jere ko igiyar guga, dabbobi sun firgita ko ba su firgita ba. Ɗan lakwal ya rubuta, a kawo mana nan gidan rediyo. Da irin waɗannan labarai na bakin mutane masana suka harhaɗa tarihin girgizar Gana ta shekarun da babu na'ura. In kuma wata rana kun ji motsi da kanku, ku dubi agogo, ku riƙe lokacin, ku sanar da mai gari da ofishin magajin gari.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan zo muku da magini da mai gina rijiya, mu zauna kan maganar tushe da azara kafin ruwa ya sauka. Wanda ke da tsaga a bangonsa ya auna ta da kara tun yau, ya yi alama, ya sake aunawa ranar shirin, ya kira mu ya faɗa mana ko ta ƙaru.

[Kiɗan rufe shiri]